Shekarar da Addu'a Ta Bushe a Bakina

A cikin birnin Zariya aka haife ni, a gidan da ba a kwanciya sai an yi wazifa. Mahaifina tela ne, ɗan Tijjaniyya. Ba malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa ba ne, amma mutum ne mai tsayuwar dare. A haka na tashi: Allah a kusa yake, in ka kira yana ji, in ka yi sujada kana jin daɗinta har cikin ƙirjinka. Ban san cewa wannan ni'ima ce da ake iya ɗauke wa bawa ba. Na yi makarantar allo na sauke, na yi Islamiyya har na samu Larabci daidai gwargwado, daga baya na karanta aikin jinya, na yi aure.

A 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi. Albashina a lokacin ba ya kai mu ƙarshen wata. Muka zauna da matata muka yi shawara, ita ce ma ta fi ni ƙwarin gwiwa. Na sayar da filin da na gada, yayana ya ranta mini ciko, na tafi a farkon 2023 na bar ta da ciki. Shirinmu shi ne ta haihu a gaban mahaifiyarta, ta gama wankan jego, sannan in nema musu takarda su biyo ni.

Ina bakin aiki ranar da ta haihu. A gidan tsofaffin da na fara aiki ba a riƙe waya, a kabad ake ajiyewa. Da na fito hutun rana na duba, sai na ga kiran yayana a jere. Na kira shi. Ya ce an samu 'ya mace. Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Sai dai mu yi haƙuri. Jini ya ɓalle mata, ba a samu na ƙari da wuri ba." Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ni kuwa na koma ciki na ƙarasa ba wata tsohuwa abinci, domin ban san abin da zan yi ba kuma.

Ni ma'aikacin jinya ne. Na san abin da ake yi wa mace idan jini ya ɓalle, na san allurar da ake yi, na san yadda ake murza mahaifa, na sha tsayawa a kan irin wannan. Sanin nan shi ya hana ni barci. Na so in taho gida, mahaifiyata ta ce a waya, "Zauna inda kake. Zuwanka ba zai dawo da ita ba, ga bashin mutane a kanka." Na zauna.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, domin ban taɓa jin wani ya faɗe shi a fili ba. Ban bar salla ba, ko sau ɗaya. Amma salla ta bar ni. Zan yi alwala, in yi kabbara, in karanta, in yi sallama, ban ji komai ba. In ɗaga hannu, babu abin da yake fitowa. Ba shakka nake yi game da samuwar Allah ba, wallahi da shakka ce da na san malamin da zan kai wa. Abin da nake ji shi ne yana nan, amma ya juya mini baya. 'Yan'uwa a masallaci suka yi ta ba ni baki, jarrabawa ce, ƙaddara ce, Allah yana tare da masu haƙuri. Duk gaskiya ce, ni ma na sha faɗa wa wasu. Amma maganar ba ta shiga. Ina tsoron in faɗi abin da ke raina a ce ina saɓo. Hoton jaririyar ma da aka turo mini ban iya buɗewa ba. Kuɗi kawai nake aikawa.

Wajen ƙarshen shekarar aka mayar da ni aikin dare a gidan wani tsoho a arewa maso yammacin Landan. Da na ga takardarsa na gane Bayahude ne. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Gaza, kullum muna ganin gawarwakin yara a waya. Yayana ya ce, "A wannan lokacin za ka je kana wanke Bayahude?" Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Abin da ya raba gardamar a wurina shi ne hadisin da aka wuce da gawa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Na karɓi aikin. Maganar Falasɗinu kuwa mun taɓa ta da tsohon, ba mu daidaita ba, muka bar ta. Ra'ayina a kanta bai sauya ba.

Ya kusa shekara casa'in, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A Bagadaza aka haife shi. Yana yaro aka yi tarzomar 1941 da aka afka wa unguwannin Yahudawa, kuma iyayensa na cikin mutum sama da 100,000 da suka bar Iraƙi a 1950 da 1951. Da ya ji na yi masa sallama da Larabci sai idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana, muna haɗa Larabcinsa na Bagadaza da nawa na littafi, inda ya gagara mu cike da Turanci.

Daren farko, ina zaune a falo, sai na ji ƙararrawa. Na shiga na iske shi yana ƙoƙarin zamewa daga gado. Na zaci banɗaki yake so. Ya ce a'a, ƙasa zan zaunar da shi. Dokar aikinmu ba ta yarda da haka ba, don in ya sauka tashinsa aiki ne. Muka daidaita a kan in saukar da gadon iyakar saukarsa, in zaunar da shi a bakinsa, in cire masa takalmi. Ya sa na wanke masa hannu, na miƙo masa wani ɗan gwangwani a kan durowa. Toka ce a ciki. Ya dangwala da yatsa ya shafa a saman goshinsa, ya buɗe wani tsohon littafi da ya sha hannu, ya fara karatu. Ibrananci ne, amma yadda Yahudawan Iraƙi ke furta shi, da ainun da ƙaf daga maƙogwaro, sai ka rantse wani gardi ne yake tilawa. Bai yi nisa ba ya fara kuka, kuka na gaske, har kafaɗarsa na rawa.

Haka yake yi kowane dare, ban da daren Asabar, ranar hutunsu ta ibada, da ranakun idinsu. Kuma ba sha biyu daidai ba. Yana da jadawali irin namu na lokutan salla, da ke nuna daidai rabin dare tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, da hunturu wajen sha biyu, da bazara har ƙarfe ɗaya.

Sai da muka saba na tambaye shi, "Baba, me kake yi wa kuka?"

Ya ce sunan wannan ibada Tikkun Hatsot, gyaran tsakar dare. Rabinta na farko makoki ne na rushewar Haikalin Ƙudus, babban ɗakin ibadarsu, wanda Babilawa suka rushe, aka sake ginawa, Rumawa suka sake rushewa a shekara ta 70. Amma ya ce ba duwatsu yake yi wa kuka ba. Yana kuka ne domin Shekhina tana gudun hijira. Shekhina ita ce halartar Allah a tsakanin bayinsa, kusancinsa da ake ji. Ya ce a cikin Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, an rubuta cewa duk inda aka kore su, Shekhina ta bi su: Masar tana tare da su, Babila tana tare da su. Wato a fahimtarsu, ba a kori bawa shi kaɗai Ubangiji ya tsaya daga nesa yana kallo ba. Masanan Kabbala, wato sufayensu, sun kai maganar nesa. Suka ce ita kanta halartar tana cikin rabuwa da tushenta, tana bege, kuma wanda ya tashi tsakar dare yana taya ta ne. Cikin abin da yake karantawa akwai Zabura ta 137, ta waɗanda suka zauna a bakin kogunan Babila suna kuka. Ya ce mini, "Kakannina sun yi kuka a bakin kogin nan don an kawo su. Ni kuma ina kuka a Landan don an raba ni da shi." Rabi na biyu na ibadar bege ne zalla. A nan yake karanta Zabura ta 42, inda rai ke ƙishin Allah yadda barewa ke neman rafi, ana kuma tambayar mai kukan dare da rana, ina Allahnka?

Na yi shiru. Tambayar da nake gudu kenan, ga ta a cikin littafin ibada, ana rera ta.

Nakan yi sallar asuba a lungun ɗakinsa don kada in bar shi shi kaɗai. Ashe yana kallona. Wata rana bayan na sallame ya ce, "Ɗana, kana salla, amma ba ka nan. Wa ka rasa?"

Na faɗa masa komai. Shi ne mutum na farko da na gaya wa cewa ina jin Allah ya juya mini baya. Ina jira ya ce in yi haƙuri. Bai ce ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ya shanye, sannan ya ce malamansu ba sa son a buɗe wannan ilimi ga kowa, wasu ma sun ce sai mutum ya kai arba'in, kuma shi ba malami ba ne, tsohon ɗan kasuwar yadi ne. Amma zai ba ni abin da ya riƙe shi lokacin da ya binne ɗansa na fari.

Ya ba ni labarin Safad, wani gari a kan duwatsun Galili. Bayan an kori Yahudawa daga Sifaniya a 1492, da yawansu sun watsu a ƙasashen da Turkawa ke mulki, garin ya cika da malamai masu ɗauke da ciwon kora. A nan wani malami mai suna Ishaƙ Luriya, wanda aka haifa a Ƙudus a 1534 ya girma a Masar, ya zo ya koyar na ɗan lokaci, annoba ta ɗauke shi a 1572 yana da shekara 38. Bai rubuta abu mai yawa da hannunsa ba, almajirinsa Hayyim Bital ne ya tattara koyarwar. Tambayar da ya fara da ita ita ce: idan Allah ba shi da iyaka, Ein Sof kamar yadda suke kiransa, kuma haskensa ya cika komai, ina wurin da halitta za ta tsaya? Ya amsa da cewa farkon aikin halitta janyewa ne, tsimtsum. Mara iyaka ya janye haskensa domin wani abu da ba shi ba ya samu damar kasancewa. Daga nan ya aiko hasken cikin wasu mazubai. Mazuban ba su iya ɗauka ba, suka farfashe, tartsatsin hasken ya warwatsu ya maƙale a cikin duniya. Aikin ɗan Adam, in ji su, shi ne tikkun: da ibada da kyakkyawan aiki ya tsamo tartsatsin nan ɗaya bayan ɗaya ya mayar inda ya fito.

Na ce, "Baba, wannan ba zan iya karɓa ba. Allah ba shi da wuri balle ya matsa, ba ya raguwa, kuma aikinsa ba ya fashewa."

Ya yi murmushi ya ce malamansu ma sun yi ta jayayya a kan wannan. Da yawa, musamman malaman Hasid, wata ɗariƙar Yahudawa ta gabashin Turai, sun ce janyewar ba a zatinsa take ba, a ganinmu take. Shi bai je ko'ina ba, mu ne aka saka wa labule don mu iya rayuwa mu iya zaɓi. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini. Ya ce ko a wurin da aka janye hasken, ba a bar shi wayam ba, akwai ragowa, suna ce mata reshimu. Ya sa na ɗauko wata kwalbar turare da ta ƙare a kan durowarsa, ta marigayiya matarsa ce. Ya ce in buɗe in shinshina. Babu ko ɗigo a ciki, amma ƙanshin na nan. Ya ce, "Ciwon da kake ji idan ka ɗaga hannu ba ka ji komai ba, shi ne ragowar. Wanda aka kora na gaske ba ya kewa. Barci yake yi."

Ina so a fahimce ni. Ban zama ɗalibin Kabbala ba, kuma akwai abubuwa da yawa a cikinta da har yau ba su kwanta mini ba. Suna maganar sefirot goma, matakan da Mara iyaka ke bayyana ta cikinsu, Shekhina ce ta ƙarshe, suna siffanta ta da amarya, da uwa, da wata wanda ba shi da hasken kansa. Kunnen da ya tashi da Ƙul huwallahu ba ya jin daɗin wannan, ko da yake shi Baba ya dage cewa Allah ɗaya ne, duk wannan misali ne. Bayan kukansa yakan karanta Zohar, babban littafin wannan ilimi, da Aramiyanci. Littafin ya bayyana a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13. Masu bincike irin su Gershom Scholem sun jingina yawancinsa ga Musa de Leyon, shi kuwa Baba ba ya son jin haka, a wurinsa na Shimon bar Yohai ne na ƙarni na 2. Ban shiga wannan ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wani littafi da ya nuna mini, na wani malaminsu na Andalus, Bahya ibn Fakuda, a kan farillan zukata, da Larabci aka rubuta shi amma da haruffan Ibrananci, wajen ƙarni na 11. Ya karanto mini babukansa: tauhidi, tawakkali, ikhlasi, tuba, zuhudu, soyayyar Allah. Mahaifina da ya ji da ya gane kowace kalma.

Da ciwon ya ƙara nauyi, na lura abokansa da ke zuwa dubiya ba sa zama ta wajen kansa. Ɗansa ya ce mini a cikin Talmud an ce Shekhina tana saman kan mara lafiya. Na fita tsakar gida na tsaya a cikin sanyi, domin wani hadisi ya faɗo mini wanda na haddace tun ina Islamiyya, yana cikin Muslim. Ranar alƙiyama Allah zai ce, ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Bawa ya ce yaya zan duba ka alhali kai ne Ubangijin talikai? Ya ce, ba ka san bawana wane ya yi rashin lafiya ba? Da ka duba shi da ka same ni a wurinsa. Na sha karanta shi a matsayin kwaɗaitarwa ga dubiya. A daren nan abin da na gani shi ne matata a kan gadon haihuwa, jini na zuba, ni ba na nan. Watanni ina azabtar da kaina da cewa ta mutu ita kaɗai. Ba ita kaɗai ba ce. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da yayana ya kira ni.

Daga nan na fara yin nafila a lokacin da yake nasa karatun. Shi a bakin gado da tokarsa, ni a lungu a kan darduma. Ba zan ce daɗin salla ya dawo ba. Abin da ya sauya shi ne na daina tsoron bushewar. Na fara gaya wa Allah ita kanta: ya Ubangiji, ba na jin ka, kuma ina son in ji ka. Na gano malamanmu na tasawwufi sun daɗe da sanin wannan hali, suna kiransa ƙabdu, ƙuncin da ke zuwa kafin buɗi ko bayansa. Yana cikin littattafanmu, ni ne ban taɓa buƙatarsa ba sai yanzu.

Shi ne kuma ya matsa mini a kan yarinyar. Wata Juma'a da yamma, iyalinsa sun taru a ɗakin suna rera waƙar tarbar Asabar, wadda wani malamin Safad, Shlomo Alkabes, ya rubuta. A baitin ƙarshe duk suka juya suka fuskanci ƙofa suka sunkuya, suna tarbar ranar kamar amarya. Ya sa na juya masa keken shi ma. Da aka watse ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ce ba ka yarda da tartsatsin Luriya ba. To, na ji. Amma akwai ɗaya a Zariya, uwarta ta mutu, ubanta ba ya kallon fuskarta. Wa kake jira ya ɗauke ta?" Washegari na kira surukata ta bidiyo. Na ce, "Mama, a nuna mini ita." Yarinyar ta fara zama a lokacin. Goshin uwarta ne da ita sak.

Baba ya rasu a lokacin bazara, da asuba, ina riƙe da hannunsa mai lafiya, ɗansa na karanta masa kalmar kaɗaita Allah da suke so mutum ya cika da ita. Mutanen majami'arsu suka zo suka yi masa wanka, suka sa shi a farin likkafani, aka binne shi ba tare da jinkiri ba. Iyalin suka yi zaman makoki na kwana bakwai a kan gajerun kujeru. Na je na yi musu gaisuwa. Hukuncinsa yana hannun Wanda ya halicce shi, ni dai na san alherin da ya yi mini.

Bayan na gama biyan yayana na taho gida. Na je maƙabarta aka nuna mini kabarin, na yi mata addu'a, addu'ar ta fito. Yarinyar ta yi ta gudu daga gare ni tana ɓuya a bayan kakarta, sai da na kusa komawa ta yarda na ɗauke ta. A watan Maris na 2024 an hana sababbin masu irin aikinmu kawo iyali, amma dokar ba ta hau kan waɗanda suka riga suka shigo ba, don haka ina da damar nema mata takarda. Na yi wa surukata maganar. Ta ce 'yarta ɗaya ta tafi, kada in ɗauke mata ta biyu yanzu, in bari sai ta isa shiga makaranta. Na ce to. Har yanzu aikin dare nake yi, a wani gidan daban, kuma na riga na nemi hutu don in yi azumi mai zuwa tare da su.